Gero a Cikin Likkafanin Iya Tabawa

Jiya da la'asar aka yi ruwa a Wudil, irin wanda bai isa ya jiƙa bayan akuya ba. Amma da yake bazarar bana ta gasa mutane, kafin a kira magariba har an fara fito da sungumi ana kakkaɓewa. Ɗana Nura ya shigo yana washe baki, waya a hannu. Shi ne wanda ya gama jami'ar nan ta garinmu, shekara uku ke nan yana zaune, digirin yana cikin leda.

"Baba, gobe sai gona. An ce damina ta kankama, sati mai zuwa ma ruwa ne."

"In ji wa?"

"Masu hasashen yanayi mana. Ga shi a waya."

"Suna da gona?"

Ya yi dariya, ya ce in ba shi mukullin adaka ya fito da irin tun yau. Na ce sai na ga ƙasa da safe. Kwano uku ne irin geron da ya rage mana, babu wani a bayansa, kuma yadda ake sayar da kwano a kasuwa bana ba sai na gaya wa kowa ba. Ya fita yana ƙunƙuni, ina jinsa yana ce wa uwarsa wai na cika taurin kai. Maganar ba ta dame ni ba. Muryar ce ta dame ni, don tawa ce sak, shekara arba'in da suka wuce, ranar da na tsaya a gaban kakata ina gaya mata abin da rediyo ya ce.

Sunanta Iya Tabawa, ita ta haifi mahaifina. Ba ta san shekarunta ba, kuma ba ta taɓa nema ba. In ka tambaye ta sai ta ce an haife ta Nasara ba su daɗe da shiga Kano ba. Tana yarinya aka zo da labarin wani ƙarfe mai hayaƙi ya iso birni yana jan ɗakuna a bayansa, ta ce ƙarya ne, kuma har ta mutu ba ta hau shi ba. Ta ƙetare kogin Wudil a kwalekwale tun babu gada. Tana da cikin Baba aka yi shekarar fara, ta ce da tsakar rana gari ya yi duhu kamar magariba, kafin la'asar gona ta koma kara tsirara. Ta ga an kwashi samari zuwa yaƙin Turawa, har da ƙanen mijinta, wanda ya dawo ba ya magana da kowa sai akuyarsa. Ta noma gyaɗar da aka riƙa tarawa dala-dala a Kano, ba ta taɓa zuwa ta ga dalar ba. Da aka ce an sami 'yancin kai, tambaya ɗaya ta yi, ko za a daina haraji. Aka ce a'a. Ta ɗauki mazarinta ta ci gaba da kaɗi. Ni kuwa an haife ni motocin soja suna ƙetare gada zuwa yaƙin basasa. Aka canja kuɗi daga fam zuwa naira, ita da sule ta ci gaba da ciniki. Aka datse ruwa can sama, kogi ya daina malale fadamarmu yadda ya saba, ta ce yanzu har kogi an yi masa takunkumi.

Duk wannan ba da shi take ƙirga rayuwarta ba. Da yunwa take ƙirgawa. Takan ce, "Yunwa uku na gani. Masu mulki kam ban ƙirga ba, tunda ba a cinsu."

Ta huɗun ce zan ba da labari.

Tsakanina da ita wasan jika da kaka ne mai zafi. Ta ce mini angonta mai ƙafar sauro, wanda ko zanen sallah bai taɓa yi mata ba. Ni in ce mata amarya ba haƙori, na sake ki saki uku. Ta ce sai ka ciyar kafin ka saka. Haka muke tun na buɗi ido.

A gidanmu, can bayan Utai, akwai doka ɗaya tun kakanmu yana da rai. Ba a shuka sai Iya ta je gona ta durƙusa ta tona ƙasa da hannunta. In danshi ya kai wuyan hannu, ruwan shuka ne. In ya tsaya a tafin hannu, sai ta kakkaɓe ta ce yaudara ce, a koma gida.

Shekarar da nake magana ita ce wadda soja suka canja launin kuɗi, ana layin shinkafa da sabulu da bulala a kan mutane. Daminar da ta gabata ta tsaya da wuri, ko rabin damin da muka saba ɗaurewa ba mu samu ba. Ina da shekara goma sha bakwai, na baro sakandare daga aji biyu don babu halin ci gaba. Bokona ya isa in karanta rubutun buhun taki in raina mutane. Bai isa ya ba ni aiki ba.

Bazarar ta zo da mugunta. Rijiya ta ja ƙasa sai da aka ƙara wa guga igiya biyu, abin da ke fitowa rabi laka. Kaji suna kwance gindin randa baki buɗe. In ka taka ƙasa da azahar ba takalmi sai ka yi rawa. Kullum da safe Baba zai hau rumbu, mu tsaya muna saurare, har ranar da muka ji ƙwarya tana kankarar ƙasan rumbun. Inna ta mayar da tuwo sau ɗaya a rana, malmalar ma ta riƙa ƙanƙancewa kamar sabulun wanka. Damin iri kaɗai ya rage a rataye, ba mai kallonsa da ido biyu.

Wata Laraba da hantsi aka yi ruwan farko. Ƙamshin ƙasa ya tashi, yara suka fita tsirara suna ihu. Washegari muka tafi gona mu uku, ni da Baba da Iya tana dogara sanda. Ta durƙusa, ta tona, ta zaro hannu ta nuna mana. Jiƙaƙƙiyar ƙasa ta manne iya tafinta.

"Bai kai ba."

Baba ya dubi gonakin maƙwabta, ko'ina ana sara ana zuba iri. Ya ce, "Iya, gidan Malam Audu fa sun fara."

"Su fara. Ba su za su ciyar da kai ba."

A nan na sa baki. Na ce, "Amarya, rediyo ya ce damina ta sauka. Masu ilimin abin ne suka auna da na'ura. Hannunki fa ba na'ura ba ne."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Angona, rediyon nan naka yana da rumbu?"

'Ya'yan Malam Audu suna kan iyaka, suka kwashe da dariya. Kunya ta kama ni, kunyar ta koma zuciya. Kwana biyu ina bin Baba ina hura masa kunne. In mun yi latti kowa zai ci tumu muna kallo. Zamani ya canja. Tsohuwa ta rikice. Baba mutum ne mai sanyin hali, ga tsoron yunwa ya shige shi, ga shi yana ganin ɗansa ya yi boko. Rana ta uku muka sauke damin iri muka sussuke shi duka, ko na cike gurbi ba mu rage ba. Iya tana zaune bakin ƙofarta muka wuce da ƙorai. A ranar muka shuke shi kaf.

Kwana huɗu gero ya tsiro, kore shar, layi-layi. Na dawo gida ina tsokanarta, na ce amarya a sayo miki rediyo ne? Ta ce Allah ya ba mu alheri.

Sai sama ta rufe bakinta. Kwana goma, ganye ya naɗe kamar allura. Kwana ashirin ya kwanta, iska mai zafi ta bi shi da yashi ta binne. Sau da yawa hadari zai haɗo daga gabas baƙi ƙirin, a yi cida har ƙirjinka ya amsa, mata su fito da ƙorai da tukwane, sai iska ta taso ta watsa shi kamar taron yara. An fita roƙon ruwa sau biyu, riguna a juye, tsofaffi suna kuka a fili. Muka dawo rana tana dukan ƙeyarmu.

A haka azumi ya same mu. Sahur kunun dusa, shan ruwa ruwan randa da abin da Allah ya hore. Baba ya ja akuyoyinmu biyu zuwa kasuwar Juma'a. Ya tarar kara, wurin cinikin dabbobi, ta cika maƙil da shanun da fari ya koro daga arewa, ƙashi da fata, masu su suna roƙon a saya. Wa zai kalli akuya? Ya dawo da ƙullin garin kwaki da ko sati bai yi mana ba.

Lokacin ne gidan ya koma hannun Iya, don ita kaɗai ta san abin da ake ci in abinci ya ƙare. Ta kai mu tafkin da kogi ya bari muka riƙa tonon bado, laka har gwiwa, ga ƙishin azumi, ga ruwa a gabanka ba damar sha. Ta nuna wa Inna ganyen da ake dafawa sau biyu a zubar da ruwan. Ni kuma ta koya mini bin tururuwa.

"Ba ta tafiyar banza," in ji ta. "In ka ga ta ɗauko ƙwaya, bi ta har gida, ka tona, ka kwashe abin da ta tara. Allah ya yafe mana, ita ma ta san yunwa."

Sai in wuni ina tono, suna cizona har hannu ya kumbura, in dawo da abin da bai cika tafi biyu ba, rabi ƙwayar ciyawa, yana warin tsami.

Manya muna jurewa. Wadda ba ta jure ba ita ce Talatu, ƙanwata, autar Inna, 'yar shekara huɗu. Yarinya ce mai surutu kamar kanari, kullum tana maƙale da zanen Iya. Cikinta ya ƙi riƙe bado, ya ƙi riƙe kwaki. Gudawa ta kama ta. Gashinta ya yi ja, surutun ya ɗauke, ƙafafu suka kumbura, in ka danna da yatsa ramin sai ya zauna. Inna ta goya ta har asibiti a Wudil. Malamin asibiti ya ba da ɗan magani, ya ce abinci take so, a yi mata kunun gero mai kyau. Inna ta ce to, ta goyo ta suka dawo.

Kwana biyu bayan nan, da azahar, ina kwance a inuwar zaure kaina yana sarawa, sai na ga layin tururuwa ya ratsa tsakar gida. Kowace da ƙwaya a baki. Na tashi na duba da kyau. Gero ne, cikakke, mai ƙiba. Maimakon in bi su inda za su, sai na bi inda suke fitowa. Layin ya shiga ɗakin Iya, ya bi gindin bango, ya hau adakarta ta wata 'yar ɓula da tsatsa ta ci.

Kowa a gidan ya san abin da ke cikin adakar nan. Likkafaninta ne, alawayyon da ta saya da kuɗin kaɗi tun kafin a haife ni. Ko yara ba sa zama a kanta. Iya ta zagaya alwala. Na ɗaga murfin. Na ɗauko farin ƙyallen na ji ya yi nauyin da ba na ƙyalle ba. Na warware. Gero ne gauraye da toka don kada ƙwari su ci, zai yi kwano uku. Tun kaka ta riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan tana ɓoyewa a inda ta san ba mai taɓawa.

Ta shigo da buta a hannu.

"Rufe."

Na ce, "Gero a ɗakinki, Talatu tana mutuwa?"

"Ba gero ba ne. Iri ne."

Ta ture hannuna, ta naɗe ƙyallen, ta mayar, ta rufe, ta hau kan adakar ta zauna. Ihun da na yi ya kawo Baba. Inna ta biyo shi da Talatu a kafaɗa, ta durƙusa daga bakin ƙofa, don ba ta taɓa tsayawa a kan surukarta ba.

Baba ya dubi Talatu. Sannan ya ce, "Iya, ko kwano ɗaya."

"Yau kwano ɗaya, jibi kwano ɗaya. Na san hanyar nan, na bi ta da ƙafata."

Sai ta ba mu labarin yunwarta ta farko, wanda ba ta taɓa bayarwa ba.

"Ina 'yar shekara tara, a Dagumawa. Ubana mutumin kirki ne, kamarka. Ƙannena suna kuka, ya ce a daka rabin iri. Aka daka. Da ya ƙare ya ce a daka sauran, Allah ba ya hana bawansa. Kwana huɗu muka yi muna ƙoshi, har da wasan gaɗa. Ba a yi sati biyu ba ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Muka je muka tsaya a gona muna kallonsa yana zuba a banza. Wa zai ba ka iri? Kowa ya cinye nasa. Mu tara ne a gidan nan. Muka kama hanya neman abinci, ni da uwata kaɗai muka iso ƙasar nan. Yunwar da ake yi babu ruwa tana ɗaukar mutum ɗaya, biyu. Wadda ake yi ana kallon ruwa ita ke share gida."

Can Inna ta yi magana, a hankali, kanta a sunkuye.

"Iya, ita fa ba ta san iri ba."

Iya ta kau da kai ta kalli bango.

Ban san lokacin da na kama damtsenta zan ɗaga ta ba. Ba ta fi karan dawa nauyi ba. Sai na ji mari a kuncina, har kunnena ya yi ƙara. Baba ne, wanda tun da nake bai taɓa ɗaga mini hannu ba.

"Uwata ce!"

Iya ta ce, "Ƙyale shi. In zai ɗauka, sai ya fara naɗe ni a ciki tukuna."

Daga ranar ba ta ƙara barin adakar ba. A kanta take wuni, a gefenta take salla, ta sa kwaɗo ta rataya mukullin a wuya. In za ta zagaya sai Baba ya zo ya zauna a bakin ƙofa, bai kalle ni ba, ban kalle shi ba. In an sha ruwa aka kai mata rabonta sai ta turo kwanon ta ce a ba yarinyar. Amma kwaki ne da bado, abin da cikin yarinyar ya ƙi. Ita kuma ruwa kawai take sha, idanunta suka faɗa, jijiyoyin wuyanta suka fito. Gidan ya zama ba mai yi wa wani magana. Da safe in fita in dubi gabas, in shigo in dubi Talatu, in dubi ƙofar Iya. Haka zan yi ta yi har rana ta faɗi. Na san inda taɓarya take, na kuma san kwaɗon ba zai sha duka biyu ba. Sau uku ina ɗaukar taɓaryar ina ajiyewa.

Rana ta biyar na taka har Wudil na yi dako a kasuwa da azumi a bakina, na samo gero cikin gwangwanin madara. Inna ta surfa, ta niƙa, ta dama kunu. Talatu ta sha ludayi biyu ta dawo da shi. Aka sake ba ta, ta juya kai. Na sha tambayar kaina ko da an dama mata tun ranar farko da ta riƙe. Ban sani ba. Wanda duk ya ce ya sani maƙaryaci ne.

Rana ta bakwai da hantsi ta cika, a kan cinyar Inna.

Aka nemi abin da za a naɗe ta, babu farin ƙyalle a gidan. Sai muka ji ƙarar kwaɗo. Iya ce ta buɗe adakar da kanta. Ta juye irin a ƙwarya, ta shimfiɗa alawayyon a tabarma, ta auna da hannunta kamu uku.

"Miƙo mini wuƙa," ta ce da ni. Ba angona, ba komai.

Na miƙa mata. Ta yanke. Ƙwayoyin gero sun maƙale a ninkin ƙyallen. Ina tsaye ina kallo ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana tsincewa tana mayarwa cikin ƙwaryar, sai da ta tabbata ko ɗaya bai rage ba, sannan ta miƙa wa masu wanka. Na yafe mata zaman kan adaka tuntuni. Tsintar nan ce ta tsaya mini a wuya.

Kwana biyu da binne Talatu, da azahar, gabas ta haɗo. Ba wanda ya fito da tukunya, mun gaji da yaudara. Sai ya ɓarke. Ya yi ta zuba har indararo ya gaji, tsakar gida ta zama tafki, katangar bayan gida ta zube. Inna tana zaune a ƙofar ɗaki ruwa yana dukan ƙafafunta ba ta janye ba.

Da safe Baba ya riƙe Iya har gona, don ba ta iya tafiya ita kaɗai. Ta durƙusa. Hannun ya shige har ya wuce wuyan hannu.

"Ya kai."

Baba yana gaba yana sara da sungumi, ni da Inna muna zuba iri, Iya tana bin mu a baya da sanda tana duba ko mun yi ɓarna. Ta ce ƙwaya biyar a rami, kada a ƙara. Duk ramin da na zuba sai in ga ludayin kunu. A kan iyaka kuwa mutane ne tsaye hannu rabbana, suna kallon jiƙaƙƙiyar gonarsu, kamar yadda ta faɗa. Wasu shukarsu ta ƙone, wasu sun cinye abin da ya rage. Malam Audu, dattijo da furfurarsa, ya zo ya tsuguna a gabanta. Ta ɗebo tafi ɗaya ta zuba masa a hula, ta ce iyakarsa ke nan.

Daminar ma ba ta yi tsawo ba. Amma irin nata tsohon gero ne mai saurin nuna, muka ɗaure dami goma sha ɗaya. Bai ƙosar da mu ba, ya dai riƙe mu a gidanmu. Gidaje da yawa a unguwar suka watse, wasu Kano, wasu kudu. Gonar Malam Audu yanzu wurin buga bulo ce, ban san inda jikokinsa suke ba. Tamu tana nan, ita nake nomawa.

Ban ƙara ce mata amarya ba. In na shiga gaishe ta, ina kwana, lafiya lau, in fito. Ta ƙara shekara goma sha bakwai a duniya. Ta ga soja sun tafi, sun dawo, sun sake tafiya. Ta binne Baba. Ta ji an ce an kawo jami'a Wudil, ta tambaya ko ana koya noma a ciki. A duk shekarun nan ko sau ɗaya ba ta ce mini, kai ne ka sa aka zubar da damin iri a busasshiyar ƙasa ba. Da ba mu yi shukar nan ba, da akwai abin shukawa, akwai kuma na kunu. Ta sani, na sani. Da ta faɗa da mun yi faɗa an wuce wurin. Ta ƙi faɗa, ta bar ni da shi. Jin haushinta ya fi mini sauƙi, shi na riƙe.

Shekarar da wayar hannu ta shigo ta kwanta. Wata rana da walaha ta sa aka kira ni. Ta zama kamar tsumma a kan gado.

"Angona."

Na tsaya a gefen gadon, ta ci gaba.

"Da za a sake, haka zan yi."

Na ce, "Na sani."

"Likkafanin nan kada a canja mini shi. Adakar kuma taka ce."

Da ta rasu masu wanka suka aiko cewa alawayyon ya gaza. Ni ne babba a gidan lokacin. Na sayo ciko aka ƙara daga waje, amma na ce tsohon shi za a sa ya taɓa jikinta. Suka tambaya ina ragowar ta tafi. Na ce tana wurin mai ita.

Yau da safe muka tafi gona ni da Nura, sungumi a kafaɗarsa. Ko'ina ana sara. Na durƙusa, gwiwoyina suna ƙara, na tona. Sama-sama akwai sanyi. Da na wuce tafin hannu sai na ji busasshiyar ƙasa, har da ɗuminta na jiya.

Na ce, "Bai kai ba."

"Haba Baba, kowa fa ya fara. In ruwan ya ɗore mu ne a baya."

"Mu zama a baya."

Ya jefar da sungumin ya yi gaba. Na ɗauka na biyo shi. A tsakar gida uwarsa ta tare ni, ta ce garin da ya rage ba zai kai Juma'a ba. Na ce na ji. Na shiga ɗaki na zauna a kan adakar, mukulli a aljihu. Ni ma na sayi alawayyona shekara biyu da suka wuce, kuma a cikinsa irin yake, da toka.

'Yar Nura, Ummi, shekararta uku, ta shigo tana tangaɗi ta haye cinyata. Ta riƙa buga murfin adakar da diddige.

"Angona, me ke ciki?"

"Iri."

"Ana ci?"

Na kama ƙafarta na danna da babban yatsa. Naman ya dawo nan take. Na sake dannawa, ya sake dawowa, ta yi dariya ta ɗauka wasa ne. Ta ƙofa ina hango gabas, fari fat, ko ɗigon gajimare babu.

Na ce, "Ba a ci."